Bauna Ba Ta Hawan Tsani Da Gaba

Asabar, bayan sallar asuba

Jikata Mahara ce ta mance da wannan littafin makarantar a kan buhun shinkafa, rabinsa lissafi ne da jan biron malaminta. Na juya shi, zan fara nawa rubutun ta baya. Duk wanda ya tsinta ya yi dariyar hannuna, Allah ya haɗa shi da ciwon haƙori.

Jiya kafiretar motarmu ta dawo daga garin Bireuen na bakin teku a cikin kwalin taliya, an naɗe ta da jarida kamar kifi. Jemaris ne ya kawo, ɗan yayana, bakaniken ƙauyen nan. Da ya buɗe sai da na ja da baya. Abin da na sani baƙi ƙirin, yau ga shi yana walƙiya kamar haƙorin gwal na matar dagaci.

Na ce, "Kai, anya ba musanya mana aka yi ba?"

Ya ce, "Gwaggo, ba ke kika ce a mayar da ita sabuwa fil ba?"

Haka ne. Ni na ce.

Kafiretar Bauna ce, tsohuwar jif ɗin mijina Genap. Motar ta girmi 'yarmu Rosmaini. Ita kaɗai ke iya kai mutum gonarmu ta kofi a kan dutse. Lokacin da Genap yake kwance a asibitin Takengon hannuna ya rasa abin yi, sai na sa Jemaris ya kwance ta ya aika bakin teku wurin wani gwani.

Genap yana ɗakin gaba yanzu. Ba zan rubuta sunan abin ba. Likita ya faɗa, Rosmaini ta maimaita, ya isa haka. Hannun dama da ƙafar dama sun yi yaji, bakin ma ya bi su. Rosmaini ta ce ƙarshen wata za ta tafi da mu birnin Medan, gidanta, kusa da masu gashin ƙashi. Ba ta ce za mu dawo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Kafin nan ina so ya ga gonarsa. Ruwan farko ya sauka shekaranjiya. Nan ba da daɗewa ba itatuwan za su yi fari fat da fure, 'yan kwanaki kaɗan kuma su zubar. Tun da na aure shi bai taɓa rasa wannan ƙamshin ba.

Lahadi, da hantsi

Jemaris ya ɗaura ta. Ya cusa kansa cikin bonet, ni ina riƙe da kwanon notuna ina ba shi shawarwarin da bai nema ba. Ya ce, "Gwaggo, don Allah ki je ki dafa mana kofi." Na ce, "Kanka ya yi sanƙo a cikin motocin mutane amma har yau sai ka nemi sifana a aljihunka tana hannunka. In na tafi wa zai gaya maka?"

Murɗawa ɗaya ta tashi. Wallahi ban taɓa jin Bauna da irin wannan muryar ba. A da tari take kamar tsohon mashayin taba, yau kuwa sumul, kamar an ba ta zuma.

Sai ga ƙwanƙwasa daga taga. Genap ke nan, da kofin ƙarfe a hannun hagu yana bugun katakon gado. Haka yake kiranmu yanzu. Na leƙa na ce, "Tsoho, ka ji amaryarka? Bana da fuskarka za ka hau Tsanin gonarmu kamar mutanen kirki."

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan kalma ta fito. Ita ce ta farko tun ranar da abin ya same shi.

"Baya."

Rosmaini ta sheƙo da gudu daga kicin. "Baba, bayanka ke ciwo? Kwanciyar ce ta yi yawa." Ta ɗauko man zafi ta shiga shafa masa. Shi kuwa ni yake kallo ta saman kafaɗarta.

Na ce na bar tukunya a wuta.

Litinin, bayan azahar

Mun gwada Tsani, ni da Jemaris.

Hawan ƙarshe ne kafin gona, shi ya sa ake ce masa haka. Ɓangare ɗaya bangon dutse, ɗayan kuwa babu komai sai iska, can ƙasa tafki yana sheƙi. Genap bai taɓa hawansa da gaba ba. In mun iso gindin sai ya juya motar ya sa ribas, ni in sauka in wuce gaba da ƙafa ina yi masa jagora. Shekara arba'in da ɗoriya ina ba da labarin nan a gidajen biki. Na ce mijina tsoron gonarsa yake, shi ya sa yake zuwa mata da ƙeya. Na ce bauna ta gaske ma ta san inda kanta yake. Mata su yi ta dariya har da hawaye. Shi kuwa in ya ji sai ya ce, "Kafireta ce," ya ci gaba da shan kofinsa.

To ga kafireta sabuwa. Jemaris ya sa ƙaramin giya ya fuskanci hawan. Muka tafi tiryan-tiryan, har na fara shirya abin da zan gaya wa Genap. Ba mu kai rabi ba ta fara shaƙewa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, warin fetur ya cika mana hanci, ta yi ɓut-ɓut ta mutu. Jemaris ya danne birki da ƙafa biyu yana salati, ni na dira na cusa dutse a bayan taya. Gwiwata ta ba ni amsa.

Ya kwance filogi ya nuna mini, baƙi, jiƙe sharkaf. Ya ce mai ne ya yi mata yawa, ta ƙware.

Da muka lallaɓa muka gangaro ya yi ta sosa sanƙonsa. "Gwaggo, ko mu yi yadda Baba Genap yake yi? Ni ban san duwatsun ba, amma ke kin san su."

Na ce, "Don a ci gaba da tafiya da ƙeya na aika ta har bakin teku? Gyara abinka, malam."

Ya mayar da kansa cikin bonet. Yaron yana da kunya, ba kamar ubansa ba.

Talata, da yamma

Jemaris ya ce ya gano. Wai iskar bakin teku mai kauri ce, tamu ta kan dutse kuwa siririya. Gwanin Bireuen ya daidaita abin da iskar garinsu, to da ta hawo nan sai mai ya rinjayi iska. Akwai wata 'yar ƙofa ta tagulla da mai ke bi, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar kofi. Sai an sa wadda raminta ya fi tsukewa.

Na ce, "Wato mota ma in ta je birni sai ta dawo da kwaɗayi."

Ya aika a kawo. Ya ce jibi.

Na dafa wa Genap miyar tsami da 'yan kifin tafkinmu da ake ce wa depik, wadda yake so. Rabi a baki, rabi a tawul. Na ce masa, "Ka ga, da can ni nake zuba kai kana shiru. Yanzu ma haka. Me ya canza?" Gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa.

Alhamis, da la'asar

Ba a kawo ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Maza sun biyo su gaishe shi da hulunansu da ƙamshin turare. Ɗaya ya ce ai abin ba wuya, su samu gora biyu da bargo su ɗauke shi a kafaɗa har gona. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Genap ya wurga kofin ƙarfen, sai da ya bugi ƙofa. Da hannun hagu fa. Mutumin da ko kaza bai taɓa jifa ba.

Na tsinci kofin na ce musu, "Ku yi haƙuri, bai shirya hawa kafaɗunku ba tukuna. Ranar tana nan, kowa zai samu rabonsa." Suka yi dariyar dole suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Da ɗaki ya yi shiru ya ce, "Baya."

Rosmaini ta ƙaro matashi.

Asabar, da safe

Baya, baya, baya. Man zafin ya kusa ƙarewa. Ɗakin duk warinsa.

Litinin, bayan azahar

'Yar ƙofar ta iso. Jemaris ya sa, hayaƙin ya washe, filogi suka fito da launin gasasshiyar gyaɗa, wai haka ake so. Sai kuma wani fito ya ɓullo, siriri, kamar na yaron da aka hana yi. Ya yi ta bi da kunne har ya gano iska ce ke satar hanya ta gindin kafireta, noti ɗaya bai zauna daidai ba. Ya ɗaure. Fito ya ɗauke.

Muka koma Tsani. Yau ta wuce inda ta tsaya wancan karon, ta kai har dutsen nan mai kama da kan kare. Na fara cewa alhamdu, ban kai lillahi ba ta shaƙe. Da ya ɗaga bonet mai na ɗiga daga wuyanta kamar hawaye.

Ya zauna a bakin hanya ya zana mini a ƙasa da tsinke. A cikin kafireta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa. A cikin kwanon akwai wani abu mai iyo, in mai ya cika sai ya taso ya tura allura ta toshe hanya. Na ce, "Agwagwa ke nan." Ya ce to, agwagwa. In mota ta ɗaga hanci sosai, man sai ya karkata ya malale cikin maƙogwaronta.

"Kamar ki ɗauki kwanon miya ki hau tsani, Gwaggo."

"Ni ban taɓa zubar da miya ba."

"In kuma ta juya hancin yana kallon ƙasa, sai ya karkata ɗaya gefen, inda babu..."

Na ce, "Ka sauke agwagwar ta riƙa rufewa da wuri. Ba kai ne bakanike ba?"

Ya dube ni. Na dubi tafki.

Daga inda muke iska tana kawo wani abu daga sama. Na yi kamar hancina ya toshe.

Talata, da hantsi

Furannin kofi sun buɗe. Matar Jemaris ta sauko daga tasu gonar da fure maƙale a mayafinta ba ta ma sani ba. Ta ce duk dutsen fari ne, ƙudan zuma kamar ana biki. Ta kawo reshe ɗaya daga itacenmu na bakin bukka, ta ce a kai wa Baba.

Na sa masa a hannun hagu. Ya kai hanci, ya rufe ido, ya daɗe. Da ya buɗe bai ce komai ba, ko kalmar tasa. Ya ajiye reshen a kan ƙirjinsa ya juya fuska bango.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da yamma

Jemaris ya lanƙwasa ɗan harshen agwagwar ya sauke ta. Yanzu Bauna yunwa take ji. A miƙaƙƙiyar hanya ma in ya taka totur sai ta yi shakuwa. Ta mutu mana daidai gaban rumfar masu shan kofi, ranar kasuwa, idon kowa. Wani tsohon banza mai haƙori uku ya ɗaga murya, "Selimah, ku juya ta mana! Ai ba ta san gaba ba, ke kika gaya mana!"

Duk rumfar ta ɗauka. Labarina ne, da kalmomina, har da inda nake dakatawa kafin a yi dariya.

Na ce, "Kai dai riƙe kofinka da kyau, kada sauran ukun su faɗa ciki." Suka ƙara dariya. Na ci wannan zagayen. Ban ji daɗinsa ba.

Alhamis, da asuba

An yi ruwa da iska. Na kwanta ina jin sa a kan kwano, ina tuna furen da yake sauka a kai.

Juma'a, da la'asar

Jemaris ya zo da kwalin taliyar. Gwanin Bireuen mutumin kirki ne, duk tsofaffin kayan da ya cire ya ƙulle su a leda ya dawo da su. Jemaris ya ce bari ya duba tsohuwar agwagwar ya ga inda Baba ya tsayar da ita.

Ya juya ta a tafin hannunsa. Ya miƙo mini.

Ɗan harshen nan duk tabon filaya ne. An lanƙwasa shi sama, an dawo da shi ƙasa, an sake, an sake, har ƙarfen ya yi fari ya kusa karyewa. A wani wurin ma ya taɓa karyewa an like da dalma. Cikin ledar kuma ga 'yan ƙofofin tagulla iri-iri, wata an toshe an sake hudawa da hannu.

Jemaris ya ce a hankali, "Duk abin da muka yi makon nan ya riga ya yi, Gwaggo. Ba sau ɗaya ba."

Ashe ya gwada. Duk ranakun da nake cewa ya shige ƙarƙashin bonet don gudun tsinkar kofi, ashe nema yake ya hau mini Tsani da gaba, ko na rufe bakina a gidan biki. Bai taɓa cewa na gwada ya ƙi ba. "Kafireta ce," shi ke nan.

Na ce wa Jemaris hayaƙin fetur ya shiga mini ido. Motar a kashe take. Ya ce e, yana yi wa mutane haka.

Asabar, da hantsi

Ina tsince shinkafa Rosmaini ta zo ta tsaya a kaina da kwalbar man zafi, babu komai a ciki. Tun tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, gona ba ta zauna mata a kai ba. Amma jiya ta ji Jemaris yana magana da matarsa.

"Inna, ba bayansa ke ciwo ba, ko?"

Na ce akwai tsakuwa da yawa a shinkafar bana.

"Inna. Na tuna ina zaune a kan buhuna, ke kina tafiya kina ihu. Tun ranar farko kin san abin da yake nufi?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina ta murza bawan Allah kamar kwaɓin burodi?"

Na so in yi dariya, ita ma ta so, amma ba ta zo ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Gwiwar ce? In ita ce ni sai in yi jagorar." Na ce e, gwiwar ce. Ta tashi ta tafi ta gaya wa Jemaris.

Ba gwiwar ba ce. A nan zan faɗa, tunda takarda ba ta da baki.

Mu ba ma cewa dama da hagu a Tsani, don wanda ke ribas damarsa daban da ta mai jagora. Cewa nake "Dutse!" ko "Tafki!" Kuma ban taɓa faɗarsu tsura ba. "Dutse, kurma! Dutse na ce, ko akuya ce ta ba ka lasisi?" Shi kuma daga cikin mota sai ya amsa, "Na ji, Rediyo." In na ce, "Tafki kaɗan, kada ka mayar da ni gwauruwa ban ci abincin rana ba," sai ya ce, "Ƙara murya, Rediyo, mutanen Medan ba su ji ba." Kowane kira da amsarsa, daga gindi har sama. A gida Genap ba mai magana ba ne, yini guda sai ka ƙirga kalmominsa a yatsu. Duk hirar aurenmu a hawan nan muka yi ta.

To in tsaya a hanyar nan in kira, yana zaune a cikin motar, in ji shiru?

Na gwammace in yi ta kwance kafireta har ƙarshen wata. Kuma kusan hakan na yi.

Lahadi, da yamma

Jemaris ya mayar da agwagwa inda tsohuwar take. Rosmaini ta ce ita za ta yi jagora. Na ce, "Ke? Da wannan muryar taki ta asibiti? Ko kyanwa ba za ta matsa miki ba. Zauna ki riƙe ubanki."

Na shiga na gaya masa. Na ce, "Tsoho, gobe. Da ƙeya, yadda ka saba abin kunyarka."

Ya ɗauki kofin ya buga katako sau ɗaya, a hankali.

Litinin, bayan la'asar

Mun je.

Jemaris da maƙwabci suka ɗora shi a kujerar gaba, aka ɗaure shi da zanena. Rosmaini ta zauna a bayansa ta rungume kafaɗunsa. A gindin Tsani Jemaris ya juya motar. Na ce, "Ka manta da dama da hagu. In na ce dutse, ka kai gindinta wajen bango. In na ce tafki, ka san sauran. Kada ka yi tunani, ba a san ka da shi ba."

Na sauka na wuce gaba. Ruwa ya wanke hanyar, duwatsun sun fito kamar haƙora. Na san kowannensu. Na cika ƙirji.

"Taho! Dutse!"

Bauna ta yi gurnani ta taho. Babu tari, babu hayaƙi. Sabuwar kafireta ko tsohuwa, ita dai haka take so.

Babu amsa kuma. Na san za a yi haka, na sake kira.

"Dutse kaɗan. Miƙe."

Sai na ji Jemaris yana ihu, "Gwaggo! Baba ya ƙwace mini madubi!"

Na duba. Hannun hagun nan ya fito ta taga ya kama madubin gefe ya murɗo shi wajensa. A cikin gilashin ga rabin fuskarsa, ido ɗaya, a kaina.

Na ce, "Bar masa! Kunnenka ya ishe ka!" Sai bakina ya kuɓuce da kansa. "Dutse, kurma! Dutse na ce, ko akuya ce ta ba ka lasisi?"

Jemaris ya ce, "Ni, Gwaggo?"

"Ba da kai nake ba, tuƙa!"

Ƙwan, ƙwan. Tafin hannun Genap a jikin ƙofar mota.

Na tsaya cak har sai da motar ta kusa taka ni. Rosmaini ta ƙwala kira, na matsa.

"Tafki kaɗan, kada ka mayar da ni gwauruwa ban ci abincin rana ba!"

Ƙwan, ƙwan.

Haka muka hau. Na zage shi a kan dutse mai kan kare, na zage shi a kwanar da ruwa ya cinye, na tono zagin da na manta tun ina da cikin Rosmaini. Bai bar ko ɗaya ba amsa ba. Gwiwata tana wuta, mayafina ya zame, majina da hawaye sun haɗu, ban tsaya sharewa ba. Da tayoyin suka taka fili a sama Jemaris ya kashe mota ya kifa kansa a kan sitiyari yana ta hamdala.

Sai muka waiga ga gonar.

Kore ce. Kore kawai. Furen duk yana ƙasa, ya yi ruwan ƙasa ya manne da laka. A jikin rassan sai 'yan ƙulle-ƙulle kamar kan allura. Na shaƙa, na sake shaƙa. Warin jiƙaƙƙen ganye.

Aka buɗe masa ƙofa. Ya bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya, har bukka, har bishiyar fiya da ya dasa shekarar da aka haifi Mahara. Na ce, "Sun gaji da jiranka ne, tsoho. Kai kullum a makare." Muryata ba ta ɗauki wasan ba, ya faɗi a tsakaninmu.

Na durƙusa na tattaro abin da ya zube na zuba masa a hannu. Ya kai hanci. Na san babu komai a ciki. Ya daɗe a haka duk da haka, don kada in ji kunya, ina tsammani. Sannan ya jimƙe.

Ranar da matar Jemaris ta kawo reshen nan, motar tana iya hawa. Ranar da ya fara cewa baya ma tana iyawa. Babu abin da ya lalace a cikinta da zai hana.

Talata, da safe

Bai ce baya ba yau. Ya ci abincinsa duka.

Alhamis, da hantsi

Ana ɗaure kaya. Na kai wa Jemaris makullin Bauna, shi zai kula da gonar. Ya ce zai daidaita madubin. Na ce in ya taɓa shi sai na dawo daga Medan da ƙafa na ƙarasa masa sauran gashin.

Ya ce, "Wa zai yi mini jagora, Gwaggo?"

Na ce, "Matarka tana da baki, na ji ta. Koya mata duwatsun. Kuma in ta kira ka amsa, kana ji na? Ko me ta ce maka, ka amsa."

Tsohuwar agwagwar tana cikin jakata, a ƙulle a bakin zane.

Lahadi, Medan, bayan azahar

Zafi kamar cikin tukunya. Ko tudu ɗaya babu, gari shimfiɗe kamar tabarma. Mahara ta ga littafinta a hannuna ta ce, "Kaka, satar littafi kika koma?" Na ce da ta ci lissafin da ban samu wurin rubutu ba.

An kawo wa Genap keken marasa lafiya. Da safe na tura shi zuwa bakin titi ya ga motoci, ko ɗaya bai yi wa kallo na biyu ba. Da muka dawo sai ga matakala a ƙofar gidan. Na tura, ƙananan tayoyin suka ci tura. Na sake turawa, ya kusa kifowa.

Rosmaini ta leƙo ta taga. "Inna, ba a hawa da shi ta gaba. Juya shi za ki yi, ki ja da baya."

Na tsaya riƙe da keken. Kafaɗunsa suka fara girgiza, na zaci tari ne. Dariya yake, da rabin bakin da ya rage masa, tsohon banza.

Furen bana dai ya wuce, kuma ni na sa. Na baɗi ban sani ba, ba na tambaya.

Na juya shi. Na kafa gwiwar da ta fi dama, na duba bango, na duba kwata.

Na ce, "Dutse, kurma."

Ya buga hannun kujerar sau biyu.